Setefano da Busa ta Uku

A garinmu Vailolo, a bakin tekun tsibirin Savai'i, idan ka tambayi Setefano wa ya fi kowa ƙarfin huhu a duk Samoa, ba zai amsa maka nan take ba. Sai ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, ya shafa ƙirji, sannan ya ce, "To, tunda kai ka tambaya."

Shi ne mai busa ƙahon addu'ar yamma. Ƙahon wata ƙatuwar katantanwar teku ce da ya gada wajen kakansa, kuma ita kaɗai gari ya sani. Kullum in rana ta kusa faɗawa ruwa sai ya busa sau uku. Ta farko, kowa ya yi sauri ya nufi gida. Ta biyu, duk inda ta same ka nan za ka zauna, ko kan hanya ne ko bakin ruwa, ba tashi ba yawo, sai waƙar yabo da addu'a. Bayan ɗan lokaci ya busa ta uku, kowa ya miƙe ya ci gaba da sha'aninsa. Wanda ya tashi kafin ta uku, dattawa su ci shi tarar alade guda. Dattijo Seumalo, mai riƙe da dokar gari, bara ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ya ci tara, don kawai ya miƙe ya kori kaza.

Setefano ya ce ranar da iska ta yi masa daidai an ji busarsa har Apia, babban birni can ƙetaren teku, wani direban bas ya taka birki ya fito ya zauna a kan kwalta. Ya ce akwai shekarar da ya busa, kwakwa goma sha ɗaya suka faɗo lokaci guda. Matarsa Fuatino ta sha jin labarin nan. Lokacin da yake neman aurenta kwakwa huɗu ne.

Fuatino 'yar mai sayar da kifi ce daga wancan gefen tsibirin, aure ya kawo ta. Ba ta da magana. In an tambaye ta abu a taron mata sai ta dubi tabarma, ta ba tabarmar amsa. Amma ba abin da ke wuce idonta. Ita ta fara lura cewa murar da mijinta ya kwaso ba ta tafi ba, ta koma wani irin tari. Ya zo masa a jere, goma, goma sha biyar, ba numfashi a tsakani, jijiyar wuya ta tashi, ido ya kawo ruwa, sannan ya ja iska da wata ƙara, "Hiiiƙ!" Sai zakarun maƙwabta su amsa.

Ga kuma jaririyarsu Lupe, mako huɗu da haihuwa.

Ranar Talata Nas Telesia ta zo awon jarirai a rumfar mata. Tana cikin ɗora Lupe a sikeli sai ƙarar ta taso daga bayan coci.

Ta ce, "Zakaran waye wancan da tsakar rana?"

Fuatino ta dubi tabarma. "Mijina ne."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana goma."

Nas ta sauke Lupe a hankali, dariya ta bar fuskarta. "Tarin shiƙa ne. Shi ƙato ne, zai sha wuya ya warke. Wannan kuwa ba ta kai allurar riga-kafi ba sai ta cika mako shida, in ta kama ba abin wasa ba ne. Yau ɗin nan ki kwashe ta ki koma wajen surukarki. Ga naku maganin, ke da ita. Ga nasa, ƙwaya ɗaya kullum har kwana biyar. Kafin ya gama kada ya kusance ta, kada ya shiga taro. Kin ji ni, suga?" Suga dai haka muke kiran mace a garinmu, namiji kuma sole.

"Na ji."

"Za ki iya gaya masa?"

Fuatino ta ƙulle ƙwayoyin a bakin zaninta.

Gidan uwarsa, tsohuwa Apaula, yana can ƙetaren fili. Fuatino na cikin jan akwatinta zuwa can Setefano ya hango ta, ya biyo ta da ƙaho rataye a wuya.

"Fua, ina za ki da akwati?"

"Nas ta ce tarin shiƙa ne."

"Wa ke da shi?"

"Kai."

Ya tuntsire da dariya. Dariyar ta juye tari, tarin ya duƙar da shi har ya dafa gwiwa, ya ja "Hiiiƙ!" Zakara biyu suka amsa. Da ya samu kansa ya share ido ya ce, "Tarin jarirai? Ni? Hayaƙin murhu ne ya shige ni ran Lahadi."

Apaula ta ce daga inda take zaune, "Wane murhu? Wanda ba ka kusanta sai an buɗe abinci?"

"Mama, ki yi a hankali, kada a ji." Ya rage murya. "In Seumalo ya ji na sha ƙwayar nas, ƙaho zai karɓe ya ba Ioelu. Ioelu fa, mai busa kamar ɗan maraƙi ya ɓata. Kuma ran Asabar sabon fasto zai iso. Ku ƙirga, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar. Kwana biyar cif! Kun gani? Shiri ne. Telesia ƙanwar matar Ioelu ce."

Apaula ta tashi da tsintsiyar kwakwa, ta ja layi a kan yashi tun daga gindin lemo har zuwa shingen aladu. Ta ce, "Ka ƙetare wannan ka ga wanda ya fi ƙarfi a Samoa."

Setefano ya daki ƙirji. "Ku ba ni kwana uku. Da hannuna zan kori tarin nan, sannan in je in koya wa nas aikinta."

Ran Laraba ya zo bakin layi da ƙatuwar ƙwaryar kwakwa, don matarsa ta zama shaida. Ya matse ruɓaɓɓun 'ya'yan itacen nonu masu warin tsohon takalmi, ya daka barkono, ya zuba man kwakwa, ya matsa lemon tsami, ya ƙara ruwan teku kofi guda. Ya ce haɗin kakansa ne.

Apaula ta ce, "Kakanka da wannan yake wanke kwalekwale."

Ya kafa kai ya shanye. Ya tsaya ƙiƙam yana murmushi, ya ce, "Kun ga? Ya mutu." Sai cikinsa ya yi wata ƙara kamar ana jan tebur. Murmushin ya tsaya cak. Ya juya ya nufi bayan gida, da farko da taƙama, daga baya da gudu. A yinin nan Setefano ya gano abin da nas ba ta faɗa ba, cewa mai gudawa bai kamata ya yi tari ba.

Busa ukun yamman nan gajeru ne, kuma ba daga tsakiyar fili suka fito ba. Washegari Seumalo ya tare shi, yana dogara sanda.

"Sole, busar jiya kamar daga bayan masai na ji ta."

"Sabon salo ne, dattijo. Haka suke yi yanzu a Apia, sauti ya fi zagayawa."

"Ta ukun kuma me ya sa ta zo gutsi-gutsi?"

"Ado ne."

Seumalo ya dube shi tun daga kai har ƙafa ya wuce.

Ran Alhamis ɗin Setefano ya ce tunda hayaƙi ya shigar da tarin, hayaƙi zai fitar da shi. Ya debo ɗanyen ganye cike da kwando ya shige rumfar da Ioelu ke gasa kwakwa, ya zuba a wuta, ya ja ƙofa. Fuatino na hango rumfar daga inda take shayar da Lupe. Ta ga hayaƙi ya koma baƙi. Ta ga rumfar ta fara rawa. Can sai ta ji rugugin faɗuwar abu, ashe tari ne ya sa ya shure taragar da ake shanya kwakwa a kai, kwakwar mako guda ta zube cikin wuta. Ioelu ya sheƙo a guje, ya shiga, ya jawo shi ta ƙafa.

Ya fito baƙi ƙirin, ba gira ko ɗaya.

Ioelu ya ce, "Sole, in gashi kake so a yi maka ka faɗa mana, mu naɗe ka a ganyen ayaba mu sa albasa."

"Duba maka rumfa nake yi," in ji Setefano yana haki. "Tana yoyon hayaƙi. Ka gode Allah na zo."

"Kwakwata fa?"

"Dama ba ta da kyau."

"Wannan tarin naka kuma..."

"Wane tari?" Sai tarin ya zo ya ba da amsa da kansa. Ioelu ya ja da baya taku biyar, ya toshe hanci da riga, amma idonsa na kan ƙaho.

Da yamma Setefano ya zo bakin layi. Wannan karon ba cika baki. Ya tsaya yana leƙen 'yarsa da fuskar nan marar gira, ya miƙa hannu biyu.

"Fua, miƙo mini ita. Kaɗan kawai, in sumbaci goshinta. Kwana biyu ban ji ƙamshinta ba."

Babban yatsansa ya riga ya ƙetare layi. Da safe Lupe ta yi atishawa sau ɗaya, kuma tun daga lokacin Fuatino take kasa kunne ga numfashinta. Ta juya da jaririyar ta bayanta, ta kwance bakin zani, ta buɗe tafin hannu.

"Guda ɗaya, Sete."

"Gobe zan warke, ki gani."

"Guda ɗaya."

Ya ƙara matsowa. Tsintsiya ta sauka a kan yatsan, tas! Ya koma da ƙafa ɗaya yana tsalle.

Ran Juma'a ya ce nutsar da tarin zai yi. Ya rungumi dutse ya shiga ruwa inda mata ke tsintar katantanwa, ya ce su ƙirga masa, in sun kai ɗari uku su aika a gaya wa gidan rediyo. Matan suka fara ƙirga. Suna kai bakwai ruwa ya tsage, ya ɓullo yana tari yana feshi, ya ja da baya ya zauna daram a kan ƙayar teku. Ihun da ya yi, wannan kam wataƙila an ji a Apia. Apaula ta shafe yamma tana cire masa ƙaya da allura, ta ɗaure baki da hanci da ɗankwali, shi kuwa yana kife yana gaya mata cewa matan ne ba su iya ƙirga ba.

A kife ɗin nan babbar dabara ta zo masa. Ya ce ya gano tarin abu biyu ke tayar da shi, magana da ƙurar ƙasa. Saboda haka ran Asabar ba zai yi magana da kowa ba, kuma ba a ƙasa zai busa ba, kan tankin ruwan coci zai hau. Can ba ƙura, ba mai jin tarinsa, kuma sabon fasto yana sauka daga bas shi zai fara gani a sama.

Ran Asabar tun da safe ya bi gida gida yana bayyana wa mutane cewa yau ba ya magana. Kowane gida sai ya yi bayani dalla-dalla. Kafin rana ta take muryarsa ta dushe.

Gari ya yi kyau ranar. An share fili, an buɗe murhun duwatsu, an jera abinci a kan ganyen ayaba tun daga ƙofar coci har bakin hanya: gwaza, gasasshen alade, kaji, kifi, ganyen gwaza da madarar kwakwa. Amma bas ta makara. Rana ta yi ƙasa, Setefano ya hau tsani da ƙyar saboda ciwon ƙaya, ya tsaya kan tanki da sabon farin zani, ya busa ta farko. Ta fita lafiya. Ya ɗaga wa Fuatino hannu daga nesa, yana nuna ƙirjinsa.

Sai ga bas. Fasto Elisaia ya sauko da matarsa da akwatuna da wata tsohuwar fanka. Ƙafarsu na taɓa ƙasa Setefano ya cika huhu ya saki ta biyu, doguwa, mai kyau ƙwarai, gaskiya ba a taɓa jin ya yi irinta ba. Fasto ɗan ƙasa ne, ya san doka. Ya zauna nan bakin hanya kan akwati, matarsa ta zauna rungume da fanka. Matan da ke jera abinci suka zauna inda suke. Ioelu, da ya je ɗauko kujera, ya zauna gindin mangwaro. Seumalo kuwa ya sauka bakin ruwa wanke ƙafa don tarbar baƙo, sai ya zauna kan wani dutse. Gari ya yi tsit, aka ɗauki waƙar yabo.

Aka gama waƙa, aka yi addu'a, aka ce amin. Kowa ya ɗaga kai yana jiran ta uku.

Setefano ya cire igiyar ƙaho daga wuya don ya ɗaga shi sama sosai fasto ya gani. Ya ja numfashi. A tsakiyar numfashin tarin ya cafke shi.

Abin da bai lissafa ba shi ne, in gari ya yi shiru kuma kana bisa tanki, ko atishawa ka yi har bakin teku za a ji. Tari ɗaya, biyu, takwas, goma sha huɗu. "Hiiiƙ!" Duk zakarun Vailolo suka ɗauka. Ƙahon ya suɓuce daga hannunsa, ya gangara, ya faɗa ta bakin tankin da ke buɗe. Tsulum.

Ya durƙusa ya zura hannu, bai kai ba. Ya zura kai da kafaɗa. Tarin ya dawo. Abin da jama'a suka gani na ƙarshe ƙafafu biyu ne suna harbin iska, sai suka ɓace. Farin zanin ya maƙale a kan tsani yana kaɗawa kamar tuta.

Ruwan iya ƙirji ne, don an ji muryarsa daga ciki kamar daga cikin ganga: "Lafiya lau! Kowa ya zauna! Cikin shiri ne!" Sannan aka ji yana ƙoƙarin busa ƙaho cike da ruwa, bulbul, bulbul, sai tari, sai tankin ya amsa, gum, gum, gum.

Ba wanda ya motsa. Ta yaya? Da ƙaho aka zaunar da mutane, da ƙaho ake tashe su, kuma ga Seumalo can kan dutse yana kallon kowa. Mai ba da waƙa ya sake ɗauko waƙar daga farko.

A baiti na biyu aladu suka fito. Uwar ce ta fara leƙowa daga bayan coci, ta ga ba mai jifanta, ta kira 'ya'yanta tara. Suka fara daga gefen gwaza. Matan na zaune taku uku daga abincin da suka yini suna dafawa, suna waƙa suna "Shuu! Shuu!" a tsakanin kalmomi. Wata ta jefa takalmi, alade ya shinshina ya ci gaba. Ioelu kuwa ashe kan gidan tururuwa ya zauna, yana ta muskutawa yana yabo da wata siririyar murya da ba tasa ba. Ruwan teku kuma ya fara cikowa. Ya rufe idon sawun Seumalo, ya kai gwiwa, ya kai cinya. Dattijon ya ɗaga sandarsa sama don kada ta jiƙe, bai ko waiwaya ba.

Matar fasto ta raɗa wa mijinta, "Addu'ar garin nan kullum haka take da tsawo?"

Ya ce, "Da alama mun faɗo cikin masu ibada ƙwarai."

Can ƙetaren fili Apaula na zaune tana cizon yatsa. "Kajina! Kaji shida na yanka! Ya Ubangiji, duk garin nan ba wani ƙaho?"

Fuatino ta dubi tabarma. Ta dubi akwatinta da ke nan kusa da gwiwarta, ko tashi ba sai ta yi ba. Ta ce a hankali, "Akwai, Mama."

"Me kika ce?"

"Na babana. Na tallan kifi. Ya sa mini a akwati ranar da aka kawo ni."

"Kin iya busawa?"

"Ni nake busa masa tun ina ƙarama."

"To me kike jira?"

"Ni mace ce, Mama. Kuma baƙuwa."

"Aladu na cin abincin fasto, ke kina gaya mini ke mace ce! Busa, suga!"

Fuatino ta buɗe akwati ta warware ƙahon daga tsumma. Ta riƙe shi, amma ba ta kai baki ba. Ta dubi Lupe da ke barci, ta dubi layin da ke kan yashi.

"In na busa, Mama, zai sha ƙwayar nan. Yau. Gaban kowa."

Apaula ta buɗe baki tana kallon surukarta kamar yau ta fara ganinta. "Ko da tsintsiya zan tura masa. Busa!"

Ta busa. Sai dai busa ɗaya hannunta da bakinta suka sani, ta tallan kifi, gajeru biyu da doguwa ɗaya. Sautin ya ratsa fili, ya daki dutsen bayan gari ya dawo. Jama'a suka miƙe kamar an kwance su. Matan kusa suka auka wa aladu. Ioelu ya ruga yana kakkaɓe zani. Amma matan ƙarshen gari, da ba su ga abin da ya faru ba, abin da kunnensu ya ji shi suka bi. Sai ga su sun ɓullo a guje da roba da kwano da kwando, kyanwoyi biye da su, suna tambaya, "Ina kifin? Wa ya kawo?" Matar fasto ta ajiye fanka ta ce a ajiye mata manya biyu.

Duk aka taru gindin tanki. Ioelu ya hau ya zura igiya. Murya ta fito daga ciki: "Zanin tukuna!"

Ioelu ya ce, "Wane zani? Tutar? Ai ta coci ce yanzu."

Aka dai jawo shi, ya sauko yana ɗigar ruwa, zani a karkace, ba gira, rungume da ƙaho. Seumalo ya iso, jiƙe sharkaf har ƙugu, wata 'yar ƙaguwa maƙale a gefen zaninsa. Aka buɗe masa hanya.

"Setefano."

"Dattijo."

"Wa ya busa ta uku?"

Setefano ya sunkuyar da kai, ya shafa ƙirji. "To, tunda kai ka tambaya. Daga cikin tanki na busa. Shi ya sa sautin ya zagaya ya fito ta wajen gidan Mama."

Wata mai roba ta ce, "To ina kifin da ka kira mu?"

"Kifin... yana hanya."

Seumalo ya ce, "Madalla. Sake busawa fasto ya ji da kyau."

Setefano ya zazzage ruwan ƙaho, ya gyara tsayuwa, ya ja numfashi. Abin da ya fito ba busa ba ce. Da'irar mutane ta buɗe kamar an jefa dutse cikin garken kifi, iyaye mata suka kwashe 'ya'yansu. Da ya kai ga "Hiiiƙ!" ko zakarun ba su amsa ba, sun gaji.

Nas Telesia, da ta zo tarbar fasto, ta ce, "Tarin shiƙa ne, dattijo. Tun Talata na ba da magani."

"Ina maganin?"

Sai aka ga Fuatino tana tahowa, ta bar Lupe hannun wata maƙwabciya can nesa. Ba a taɓa ganinta tsakiyar taro ba. Idonta a ƙasa. Ta kwance bakin zani, ta ɗora ƙwaya ɗaya kan ganye, ta miƙa wa surukarta. Apaula ta ɗora ganyen a kan tsintsiya ta zura masa daga nesa.

Setefano ya dubi ƙwayar. Ya dubi fasto. "Lau Susuga, ranka ya daɗe, ka ga yadda suke yi wa ma'aikacin Ubangiji?"

Fasto ya ce, "Ɗana, na yi kusan awa guda a kan akwati. Haɗiye."

Ya haɗiye. Aka tafa.

Nan take Seumalo ya yanke hukunci, ƙaguwar na nan maƙale. Setefano zai yi kwana biyar shi kaɗai a rumfar kwakwar Ioelu, ya gyara ta yana ciki. In ya fito ya wanke tanki, sannan ya shiga teku ya cika duk robar da aka kawo yau da kifi. Ƙahonsa kuma a dafa shi a ruwan zafi a rataye.

Ioelu ya matso yana murmushi yana sosa cinya. "Kafin nan, dattijo, wa zai riƙa busawa?"

Seumalo ya ce, "Wanda ya fitar da ni daga ruwa." Ya juya yana neman Fuatino, amma ta riga ta ɓuya bayan Apaula.

Haka aka yi makonni Fuatino na busa ƙahon addu'a daga bayan labulen ganyen kwakwa, don ta ce ba za ta iya ana kallonta ba. Ta farko da ta biyu ta koya daidai. Ta ukun ce ta ƙi gyaruwa, kullum gajeru biyu da doguwa ɗaya, kuma kullum sai kyanwoyi sun taru ƙofar gidan Apaula.

A rana ta shida bayan hukuncin, Nas Telesia ta ce tarin zai daɗe yana damunsa, amma ba zai ƙara shafa wa kowa ba. Lupe kuwa ko tari ɗaya ba ta yi ba. Apaula ta share layin da tsintsiyar da ta ja shi. Setefano ya ƙetaro a hankali kamar mai shiga coci, girarsa ta fara tsirowa. Fuatino ta ɗora masa jaririyar a hannu. Ya sa hanci a goshinta ya daɗe yana shaƙar ƙamshinta.

Lupe ta buɗe ido ta ga fuskar, ta tsala kuka.

Fuskarsa ta washe. "Kun ji? Kun ji huhu? Nawa ne! Uwarta ma ai ni na koya mata busa. Wannan yarinya in ta girma, kwakwa ashirin..." Ya fara ɗaga ta sama don maƙwabta su gani.

Fuatino ta kama gwiwar hannunsa ta sauke. Wannan karon ba tabarma ta duba ba, shi ta duba.

"Riƙe ta da hannu biyu, Sete," in ji ta. "Ita ba ƙaho ba ce."